Hanyar Lekki zuwa Epe: titi ya haifi gari, gari ya shaƙe titi

Watan jiya aiki ya kai ni Legas, na sauka a Ajah wurin wani abokina. Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Victoria Island, amma wallahi sai da rana ta take muka isa. A cikin gosulon nan na shiga tunanin yadda hanyar ta faro.

Ga wanda bai san ta ba, titin gwamnatin jiha ne, ba na tarayya ba. Ya tashi daga Victoria Island, ya ratsa Lekki, Chevron, Ajah, Sangotedo da Awoyaya, ya wuce mahaɗar Eleko ya dire Epe. Ta kudu teku, ta arewa ruwan lagun. Ka ga ƙasar siririya ce, ba wurin kaucewa.

Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, shi ya fara buɗe ta. Lokacin yankin fadama ne da ƙauyukan masunta. Da titi ya shigo, sai fili ya yi daraja. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke bakin hanyar. Je ka ga irin gine-ginen da ke wurin yau.

A 2006 jiha ta ba kamfanin LCC kwangilar faɗaɗa titin, ya riƙa karɓar kuɗin wucewa na shekara 30. A Disamban 2011 aka fara karɓa, jama'a suka yi zanga-zanga. Daga baya gwamnatin Fashola ta saye yarjejeniyar. A wannan ƙofar karɓar kuɗi ce sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar EndSARS ranar 20 ga Oktoba, 2020.

A 2023 kuma aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Ɗangote, duk a wannan yanki. Yanzu tankokin da ke ɗauko mai, har da masu nufo mu Arewa, suna kokawar hannu da ɗan makaranta da ma'aikaci.

Abin da na fahimta, kuma a ofis nakan ga irinsa cikin fayil: gina titi ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce riƙe filin gefensa. In aka raba shi kaf, ba a ware hanya ta biyu ba, ba a bar wa jirgin ƙasa wuri ba, to nan da shekara 20 sai rusau da biyan diyya. Kuma kullum talaka ake fara tasa.

Duk wanda aka shimfiɗa wa sabuwar kwalta a bayan garinsu, ya tambaya tun yanzu: ina taswirar gefenta, kuma wa aka ba filayen?

Allah Ya sa mu gyara.