Ƙibar da ta wuce kima: yaushe ake kaiwa ga tiyata?

A garuruwanmu, in mutum ya yi teɓa sai a ce hutu ya zo masa, har wasu mata na shan ƙwayoyi don su ƙara jiki. Sai dai akwai matakin da ƙiba ke zama ciwo, kamar hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita.

Likitoci na amfani da ma'aunin da ake kira IMC. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mai tsawon mita 1,65 da nauyin kilo 110, IMC ɗinsa ya ɗan haura 40. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce, daga 40 kuma ita ce mai tsanani. A nan kitse ke danne jiki: suga da hawan jini su shigo, gwiwoyi su gaji, numfashi ya riƙa yankewa cikin barci, mace kuma haihuwa na iya yi mata wuya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan mataki rage abinci da motsa jiki kaɗai ba kasafai suke ɗorewa ba. Jiki na ƙara yunwa, ya rage ƙona abin da aka ci, har nauyin ya dawo. Ba ragwanci ba ne.

Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi tiyata ga mai IMC 40, ko 35 in akwai wata cuta da ƙibar ta jawo. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauko da ita zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon sugan da ya ƙi jin magani. Kafin aiki akan yi watanni ana bibiyar mutum wajen likita, masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa.

Aikin da aka fi yi a yau shi ne wanda ake kira silib: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka sha'awar abinci ma na raguwa. Ba a mayar da shi, kuma wasu na samun ƙwannafi bayansa. Na biyu shi ne baifas, wanda likitan Amurka Edward Mason ya fara cikin shekarun 1960. Ana ware ƴar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Yana da ƙarfi sosai kan ciwon suga. Zoben da ake ɗaura wa tumbi kuwa an rage amfani da shi. Galibi ana aikin ne ta ƙananan huda da kyamara. Zuƙe kitse aikin gyaran siffa ne, ba ya cikin wannan sahu.

Yawanci mutum kan rage kusan kashi 25 zuwa 30 na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Haɗari akwai shi: zubar jini, yoyon ɗinki, daskarewar jini a jijiya. Makonnin farko ruwa-ruwa ake sha, sannan abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan. Bayan baifas musamman, bitamin B12, sinadarin ƙarfe da na ƙashi sai an riƙa sha har ƙarshen rayuwa, tare da awon jini. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma batun azumi a shekarar farko sai an shawarci likita.

Ƙasashe irin su Tunisiya da Turkiyya na karɓar baƙi masu zuwa wannan aiki. Mai niyyar tafiya daga Maradi ko Damagaram, kafin ya biya kuɗin jirgi, ya fara samun likitan da zai bibiye shi a gida, ya kuma dawo da cikakkiyar takardar da ke bayyana irin aikin da aka yi masa.