Tarihin Ɓoye Mahaɗa: Daga Allurar Christina Jenkins Zuwa Kulosha

Ƙarin gashi tsohon al'amari ne. A Amarna, birnin da Fir'auna Akhenaten ya gina a Masar, masu tonon kayan tarihi sun gano gawar wata mata da ta rayu kimanin shekaru 3,300 da suka wuce, kanta ɗauke da ƙarin gashi wajen ɗauri 70. Tun daga wancan zamani, abin da ya fi ba masu sana'ar wahala shi ne mahaɗa, wato wurin da baƙon gashi ke haɗuwa da na mai kai. Kusan duk wata dabara da aka ƙirƙiro daga baya, an ƙirƙiro ta ne domin kada ido ya ga wannan wuri.

A Amurka, har zuwa ƙarshen shekarun 1940, da fil da maƙalai ake riƙe ƙarin gashi. Yana da nauyi, yana zamewa, kuma ko daga nesa ana gane shi. Wata baƙar fata mai suna Christina Jenkins, wadda ta yi aiki a kamfanin hular gashi a Chicago a 1949, ta nemi hanyar da gashin zai zauna daram. Dabararta ita ce a saƙa zare da gashin mai kai a yi tushe, sannan a ɗinke jeren baƙon gashi a kan tushen. Ta nemi takardar mallakar fasahar a 1951, aka ba ta a 1952, ta kuma buɗe shago a Cleveland tana koyar da ita. Ɗinkin da ake yi a shagunan gyaran gashi a yau jikan wannan dabara ne: a yi kitso a kwance, a ɗauki lanƙwasasshiyar allura a ɗinke jeren gashi layi bayan layi.

Sai dai ɗinki ya bar baya da ƙura a tsakiyar kai. Layin ƙarshe ba shi da abin da zai rufe shi, don haka akan bar wani yanki na gashin mai kai a waje a kwantar da shi a kan ɗinkin. Domin ya saje da baƙon gashi mai santsi, dole a riƙa miƙar da shi da zafi ko da man saki. Wanda aka miƙar da zafi, da zarar ya sha zufa ko danshi sai ya koma yadda yake, asiri ya tonu, yawan ƙona shi kuma yana sa ya karairaye.

Maganin ya fito ne daga masu yi wa 'yan wasan kwaikwayo da fina-finai hular gashi, waɗanda suka daɗe suna ƙulla silin gashi ɗaya ko biyu a jikin raga mai laushi da ƙaramar allura mai ƙugiya. Daga nan aka samu kulosha, ɗan marufin leshi mai faɗin inci 4 da tsawon inci 4, wanda ake ɗinkawa a inda tsaga za ta kasance har ya yi kama da fatar kai. Babban yayansa, furantal, yakan kai inci 13, daga kunne zuwa kunne, kuma galibi da gam ake manna bakinsa a goshi. Da waɗannan biyu mahaɗa ta ɓace wa ido.

Akwai kuma wata mahaɗar da kasuwa ta ɓoye, tsakanin gashin da kan da ya fito. A shekarun 1960 da 1970 hular gashi na cikin manyan kayan da Koriya ta Kudu ke fitarwa, kamfanin Kaneka na Japan kuma ya cika duniya da zaren roba na Kanekalon. Yau cibiyar sana'ar ita ce birnin Xuchang a lardin Henan na ƙasar Sin. Gashi mafi daraja kan fito daga wuraren bauta na Indiya irin su Tirumala, inda masu ziyara ke aske kai don cika bakance, hukumar wurin kuma ta yi gwanjonsa. Ana son sa ne saboda ɓawon silinsa duk yana fuskantar gefe ɗaya, ba ya cukurkuɗewa. Mafi araha shi ne wanda ake tsinta daga matajai, a warware shi da hannu a ƙasashe irin su Myanmar da Bangladesh, a saɓule ɓawonsa da asid, a shafe shi da silikon. Yana sheƙi a kanti, bayan wanki kaɗan ya dunƙule. Sunan "gashin Brazil" kuwa yawanci sunan talla ne.

Asalin gashi ya sha tayar da ƙura. A 2004 manyan malaman Yahudawa a Isra'ila sun haramta hular da aka yi da gashin wuraren bautar Indiya, har wasu mata suka ƙona nasu. A 2020 hukumar kwastam ta Amurka ta tsare tan 13 na kayan gashi daga Xinjiang bisa zargin aikin tilas. A ƙasar Hausa ma sunan "gashin doki" ba na yabo ba ne. Hadisin da ya tsawatar kan haɗa gashi yana cikin Bukhari da Muslim, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan hana gashin ɗan Adam, suka saɓa a kan ulu da zare.

Fatar kai ce ke biyan kuɗin duk wannan ɓoyo. Likitocin fata sun daɗe da sanin sanƙon da ja ke haddasawa: kitso mai tsauri da nauyin ɗinki suna janye silin gashi, musamman a gaban kai da gefen kunne, idan abin ya daɗe kuma tushen ya mutu, gashin ba ya dawowa. Gam yana ƙara nasa ta'adin a daidai wurin da gashi ya fi rauni. Shi ya sa kulosha da aka ɗinka ta fi furantal sauƙi ga goshi, kuma ake ba da shawarar kada ɗinki ya wuce mako 6 zuwa 8 kafin a kwance a bar kai ya huta. Ciwon kai ko ƙuraje bayan kitso alama ce ta a sassauta nan take.

Wadda ta yanke shawarar saye tana da tambayoyi biyu da madubi ba zai amsa mata ba: daga ina gashin ya fito, kuma me yake yi wa fatar da ya rufe. Ta farko mai kanti za ta yi wa, tun kafin ta biya. Ta biyu kuma ranar kwance ɗinki za ta ga amsarta a gaban goshinta.