Yadda Kokawa Ta Tsaya a Bakin Ƙofar Jami'a

Duk wanda ya yi makaranta a yankin Unguwar Dosa da Kawo da Unguwar Kanawa ya san wasannin da ake ba da kofi a kansu: ƙwallon ƙafa, guje-guje da tsalle-tsalle, sai hoki. Kokawa kuwa sai a bayan aji, in malami ya ba da baya. Wannan abu yana da asali.

Tun a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, Turawa suka shigo da wasanninsu na Ingila, wato kurket da ƙwallon ƙafa da wasan nan na bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da shi. Kwalejin ta dawo nan Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya aka sa mata suna Barewa. Ɗalibanta su suka zama malamai da shugabannin ma'aikatar ilmi ta Arewa, abin da aka koya masu shi suka shimfiɗa wa sauran makarantu. Kokawa ta ci gaba da zama inda take, a dandalin ƙauye bayan kaka, da makaɗa da kirari da layu.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ta gaji wannan tsari. An fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan a 1966. Wasannin da suka kafu a cikinta sun haɗa da ƙwallon kwando da ninƙaya da kurket, har da judo na Japan da takwando na Koriya. Abin dariya, judo ai kokawa ce a cikin farar riga. Amma tamu ta gida ba ta samu irin wannan gurbin ba.

To, a wata ƙasar jami'a ce uwar kokawa. A Amurka an fara gasar kokawa ta jami'o'i ta ƙasa baki ɗaya a 1928, kuma jami'ar nan ta garin Stillwater a Jihar Oklahoma ta ci ta sau 34. Can yaro zai iya samun gurbin karatu da tallafi saboda ya iya kayar da mutum.

Ɗan ƙasarmu ma ya ci moriyar irin wannan. Daniel Igali ya tashi a ƙauyen Eniwari, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, inda Ijawa suke riƙe da kokawar gargajiya kamar yadda Hausawa suke riƙe da tasu. Ya je Kanada a 1994 don wakiltar Nijeriya a wasannin ƙasashe renon Ingila, ya yi zamansa can. Jami'ar Simon Fraser ta ɗauke shi, yana karatu yana kokawa, har ya yi karo 116 a jere ba a kayar da shi ba. Ya zama zakaran duniya a 1999. A 2000 ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Sidni, amma tutar Kanada aka ɗaga. Ƙarfin daga gida ya tafi da shi. Abin da jami'a ta ƙara masa shi ne mai horarwa, da katifar atisaye, da abinci, da abokan karawa kowane mako. Ya dawo ya zama shugaban hukumar kokawa ta Nijeriya a 2013, kuma a zamaninsa Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta ciyo azurfa a Tokiyo a 2021. Ita ce lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta samu a kokawa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun bi wata hanya dabam, ba su jira jami'a ba. Gwamnatin Seyni Kountché ce ta kafa gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobi. Yanzu kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, ana watsawa a rediyo da talabijin, 'yan kasuwa su kasa kunne har a gama. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin nan sau shida, kuma sunansa ya ƙetaro har Sakkwato da Katsina. A ganina, wannan ya isa hujja cewa ba 'yan kallo kokawa ta rasa ba, mai tsaya mata ta rasa a wajenmu.

Nan gida, an fara Gasar Wasanni ta Ƙasa a Legas a 1973, Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Daga baya kokawa da dambe da langa sun samu shiga gasar a rukunin wasannin gargajiya, sai dai da sunan jihohi ake zuwa, ba da sunan makarantu ba. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, ba ta da nisa da Dandalin Murtala, kuma da yawa cikin ɗalibanta jikokin manoman da suka yi kaye a dandali ne.