Allurar da Aka Yi Domin Mu

Duk wanda ya daɗe yana aikin lamba a ƙasar Tasawa da Mayahi, in dai yana karanta rubutun jikin kwalba kafin ya zuƙi magani, ya ga wani sauyi da mutanen gari ba su lura da shi ba. A shekarun farko na shirin rigakafin yara, wanda Nijar ta fara a 1987, yawancin kwalaben daga Turai suke zuwa, musamman Faransa da Beljiyam. Yau in ka buɗe firijon gidan likita, daga Maijirgi har Kanambakashe, galibin abin da ke ciki daga Indiya ya fito, sai wasu daga Indonesiya da Koriya ta Kudu. Uwar da ta miƙo hannun ɗanta ba ruwanta da wannan, kuma tana da gaskiya. Amma mu da muka ci rani da kwalaben farko, mun san abin da sauyin ya jawo, kuma sanƙarau ne ya fi nuna shi.

Sanƙarau ciwon rani ne. Daga lokacin da hunturu ya busar da maƙogwaro har zuwa ruwan farko, muna cikin fargaba. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar ke yawan aukuwa, daga Senegal zuwa Habasha, kuma Maraɗi da Damagaram da Katsina suna tsakiyarsa. A shekarun 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa sun yi ta binciken ciwon a Zariya. Saboda haka sanin ciwon ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Makamin ne bai isa ba.

Allurar da muke da ita a lokacin, daga ɓawon ƙwayar cutar kaɗai ake haɗa ta. Tana kare babba, amma ba ta kama jikin yaron da bai kai shekara biyu ba yadda ya kamata, ƙarfinta kuma yakan ja baya cikin shekara uku. Babban aibinta shi ne ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaron mai lafiyar da ke yawo da ita. Don haka ba a saka ta cikin lambar yara ta yau da kullum ba, sai annoba ta ɓarke ake neman ta. Ga yadda abin yake tafiya: manjon gidan likita ya ƙirga marasa lafiyar mako ya aika gunduma, a ɗebi ruwan ƙashin baya a tura Yamai a gano irin ƙwayar, a jira alƙaluma su haye iyakar da aka ɗiba, sannan a rubuta takardar neman allura zuwa ƙetare. Kafin jirgi ya sauka, kafin mota ta kawo kaya Maraɗi, kafin a raba wa Urafan da Korgom da Isawan, sau da yawa gajimare ya fara haɗuwa, annobar kuma ta riga ta ɗauki waɗanda za ta ɗauka. Ihu bayan hari muka yi ta yi shekara da shekaru. Abin da ke hannunmu a tsakani shi ne allurar mai ta kuloramfenikol, wadda ake yi sau ɗaya, kuma ta ceci rayuka masu yawa a rumfunan da ake kafa wa majinyata.

A 1995 mutum fiye da 40,000 suka kamu a Nijar. Cikin wannan hali wata kyautar allura 88,000 ta shigo daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura garin ba ya narkewa yadda aka saba. Da aka gwada, jabu ce, babu magani a ciki, alhali an riga an yi wa mutane wajen 60,000. Shekara ta gaba, 1996, annobar ta game yankin baki ɗaya: mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. A wannan shekarar ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, amma mai jin labari a kasuwar Tasawa ba ya bambancewa, kuma mu masu yawo ƙauyuka da akwatin sanyi mun daɗe muna amsa tambayoyi a kansa. Lokacin da Kano ta dakatar da lambar shan-inna a 2003, ba ta koma ba sai a 2004, da maganin da kamfanin Bio Farma na Indonesiya ya haɗa. Tun daga nan na daina ɗaukar sunan mai haɗa magani a matsayin ƙaramin abu.

Gyaran ya faro a 2001, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da allurar sanƙarau, da dalar Amurka miliyan 70 daga gidauniyar Gates, ƙarƙashin jagorancin Dokta Marc LaForce. Fasahar ba sabuwa ba ce. A Ingila tun 1999 ake yi wa yara allurar sanƙarau nau'in C wadda aka ɗaure ɓawon ƙwayar da wani sinadari mai sa jiki ya riƙe ta. Mu nau'in A ke kashe mu, kuma babu kamfanin da ya ga riba a yi mana irinta. Da LaForce ya zagayo ƙasashenmu yana neman shawara, a Yamai ne babban sakataren ma'aikatar lafiya, Hassane Adamou, ya gaya masa cewa kawo mana allurar da ba za mu iya saya ba ya fi rashinta muni. Aka tsayar da farashi tun kafin a haɗa ko ɗigo: kada ya wuce rabin dalar Amurka.

A ganina wannan shi ne mataki mafi girma a duk tarihin aikinmu, domin ya juya tsarin da aka saba. A da, kamfani ke haɗa abin da kasuwar Turai da Amurka ke so, mu samu bayan shekara goma ko ashirin in farashi ya sauko. A wannan karon mai buƙata ne ya faɗi irin ƙwayar da kuɗin da zai iya biya, sannan aka tafi neman wanda zai amsa. Manyan kamfanoni ba su amsa a wannan farashi ba. Serum Institute da ke Pune a Indiya ya amsa. Wani kamfani a Amsterdam, SynCo Bio Partners, ya ba da ɓawon ƙwayar a farko, masu bincike na hukumar kula da magunguna ta Amurka suka ba da dabarar ɗaurawa, Indiyawa suka haɗa. Aka yi gwaji a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana. Sunanta MenAfriVac.

An fara ta a Filinge a watan Satumba na 2010, aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso ranar 6 ga Disamba, ta iso jihar Maraɗi a ƙarshen 2011. Duk mai shekara 1 zuwa 29 aka yi wa. Ban taɓa ganin lambar da samari da ƴan mata suka yi wa layi da kansu irin wannan ba, kuma ba abin mamaki ba ne: kusan kowace unguwa akwai kurman da sanƙarau ya bari, kowa ya san shi. Binciken da aka yi a Cadi ya nuna ciwon ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar. Tunda tana share ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda bai samu ba ya tsira. A 2012 aka yarda a riƙe ta kwana 4 ba ƙanƙara, matuƙar zafi bai wuce 40 ba. Wanda bai taɓa ɗaura akwatin sanyi a bayan babur ya shiga yashin arewacin Mayahi ba, yana duba ɗan tambarin da ke jikin kwalba ko ya fara duhu, ba zai san girman wannan ba. A 2017 ta shiga lambar yara ta kullum a Nijar, kuma tun wannan shekarar ba a sake tabbatar da nau'in A a yankin ba.

Sai dai sanƙarau ba ƙwaya ɗaya ba ce. Tun 2006 nau'in X ya yi ɓarna a Nijar, kuma a lokacin babu allurarsa ko'ina a duniya. A 2013 da 2014 wani sabon nau'in C ya ɓullo a Sakkwato da Kabi. A 2015 ya shigo mana da ƙarfi: fiye da mutum 8,500 suka kamu, fiye da 570 suka rasu, Yamai da Doso suka fi shan wuya. Allura ta yi ƙaranci a duniya, iyaye suka ruga shagunan magani, ƴan jabu suka sake samun kasuwa. A 2017 Zamfara ta ɗanɗana, a 2023 Damagaram da Jigawa. Amsar ta sake fitowa daga Pune: MenFive, mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y. Shekara 13 aka yi ana aikinta. Hukumar Lafiya ta amince da ita a Yulin 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a Maris na 2024, Nijar ta bi a watan Mayu. Farashinta wajen dalar Amurka 3 ne, ninki shida na ta farko, kuma a nan ne za a ga ko za ta kai ga kowane yaro kafin rani ko za a ci gaba da kashe wuta da ita.

Akwai wani babi da jiharmu ta Maraɗi ta rubuta da kanta. Daga Agusta na 2014, a gundumar Madarunfa, cibiyar bincike ta Epicentre da ma'aikatar lafiya suka gwada Rotasiil, maganin ɗigawa a baki na zawon jarirai. Jarirai 3,508 aka auna sakamako a kansu, aka ga ya rage zawo mai tsanani da kashi biyu cikin uku, aka wallafa a 2017. Garin magani ne da aka haɗa don ya jure zafi. An nemi yardar iyaye, an bi yaran gida-gida, ma'aikatan kuma ƴaƴan yankin ne. Bayan abin da ya faru a Kano, ganin an yi bincike irin wannan a ƙasar Hausa cikin mutunci ya kwantar mini da hankali. A 2018 Hukumar Lafiya ta amince da shi, yau yara a ƙasashe da dama suna shan abin da matan Madarunfa suka taimaka aka tabbatar.

Na masassarar cizon sauro kuwa har yanzu muna farkon tafiya. Allura biyu ce a kasuwa: RTS,S ta kamfanin GSK, wadda aka amince da ita a 2021 bayan aikin fiye da shekara 30, da R21 ta jami'ar Oxford da Serum Institute a 2023. Nijar ta fara a Gaya a Satumban 2024. Ba su da kaifin ta sanƙarau, kuma sau huɗu ake yi. Duk wanda ya riƙe rajista ya san yadda ake rasa yara tsakanin zuwan farko da na ƙarshe, balle da damina, uwa tana gona, hanya ta yanke. Amma a Gana da Kenya da Malawi, inda aka fara a 2019, mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100. A Mali da Burkina an ga cewa in aka yi allurar gab da damina, aka haɗa da maganin rigakafin da muke rabawa wata-wata, amfanin ya fi na kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. Wannan tsarin ya dace da mu, tunda masassararmu ta ƴan watanni ce. A Nanoro ta Burkina ana gwada wata, RH5, mai tare ƙwayar bayan ta shiga jini.

Sauran abin da ke tafe, ina auna shi da idon mai ɗaukar akwati. Allurar tarin fuka ta M72 ta shiga babban gwaji a 2024, alhali BCG da muke yi tun 1921 take. Allura mai haɗa ciwo shida, wato biyar ɗin da muka saba da shan-inna, ta fara aiki a Senegal da Muritaniya a 2025, ta rage wa jariri suka. Wadda na fi ɗoki ita ce ta ƙyanda da aka gwada a Gambiya: ɗan manne ne da ake liƙawa a fata, ba sirinji, ba haɗa gari da ruwa. Kwalbar ƙyanda in an buɗe ta awa shida ce kawai, shi ya sa ma'aikaci ke jin nauyin buɗe ta saboda yaro ɗaya ko biyu, ya ce wa uwa ta dawo ranar kasuwa, ita kuma ba lalle ta dawo ba. Mannen zai kashe wannan matsalar. Mashaƙon da ya kama Kano da Matamaye a 2023 kuwa, rigakafinsa ya kai shekara ɗari a duniya, yaran ne ba a kai musu ba.

Abin da ke damuna shi ne mun rataya wuyanmu a wuri ɗaya. A 2021, da korona ta tsananta a Indiya, gwamnatinta ta tsayar da fitar da allura, Afirka ta zauna jira. Kashi 1 cikin 100 kawai na abin da nahiyar ke amfani da shi ake haɗawa a cikinta. Ɗakin haɗa allura na Yaba a Legas ya rufe tun 1991. Mu a Nijar, LABOCEL na haɗa allurar dabbobi a Yamai, ta mutane kuwa duk daga waje take. Cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda ke haɗa ta shawara tun shekarun 1930, tana faɗaɗa masana'antarta, ƙungiyar Gavi ta ware fiye da dalar Amurka biliyan 1 a 2024 don tallafa wa masu haɗawa a Afirka, Tarayyar Afirka kuma na son kai kashi 60 nan da 2040. A gefe guda, Amurka ta sanar a 2025 cewa ta janye kuɗinta daga Gavi, wadda ke biyan mafi yawan kuɗin allurar yaranmu. Ina son ma'aikatar lafiya ta je Dakar tun yanzu, kafin a kafa injuna, ta faɗi ciwon da ya dame mu, zafin da kwalba za ta jure, yawan zuwan da uwa za ta iya, da kuɗin da baitulmalinmu zai iya biya ranar da babu mai biya mana.