Majigin Hotuna Mai Murya: Yadda Ake Haɗa Shi Ya Tsaya A Matsayin Hujja

Dattawan da suka yi ƙuruciya kafin talabijin ya shiga gidaje suna tuna daren majigi. Motar gwamnati za ta shigo gari da la'asar, a kafa farin allo a filin ƙofar fada, da dare ya yi a haska hotuna, wani mutum kuma yana riƙe da makirufo yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Ita kanta kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Turanci na wata fitilar haska hotuna da aka ƙirƙira a Turai a ƙarni na 17, wadda ake zura wa hotunan gilashi ɗaya bayan ɗaya, mai nunawa yana magana a kansu.

A wancan zamani hukuma ce ke da allon, ita ke da makirufon, ita kuma ke zaɓar abin da talaka zai gani. Yau duk mai wayar hannu yana iya haɗa nasa majigin cikin yini guda, ya nuna makarantar da rufinta ya yaye ko titin da aka ƙaddamar aka gudu aka bari. Sai dai da yawa daga irin waɗannan ayyuka suna mutuwa a ranar da aka sake su, saboda muryar ba ta fita, ko kiɗa ya danne magana, ko a gano hoto ɗaya na wani gari ne daban, sai wanda ake zargi ya kama wannan hoton ya rushe sauran duka. Ga yadda ake kauce wa haka.

Abin da ake nufi da shi

Majigin hotuna mai murya gajeren bidiyo ne da ake ginawa daga hotuna tsayayyu, a jera su, a ɗora musu muryar mai ba da labari ko ta wanda abin ya shafa, wani lokaci a ƙara kiɗa ko sautin wurin. Jaridun Amurka sun rungume shi daga tsakiyar shekarun 2000, musamman bayan fitowar manhajar Soundslides a 2005. A 2009 jaridar New York Times ta yi jerin shirye-shirye mai suna One in 8 Million, inda mazauna birnin New York ke ba da labarin rayuwarsu da bakinsu a kan hotuna baƙi da fari, har shirin ya ci lambar yabo ta Emmy.

Ga mai bincike, wannan salo yana da fa'idodi da bidiyo na yau da kullum ba shi da su. Ɗaukar hoto ba ya jan hankali kamar tsayawa ana naɗar bidiyo. Takarda, kamar shafin kasafin kuɗi ko wasiƙar ba da kwangila, tana iya tsayawa a allo har mai kallo ya karanta ta. Tsohon hoto da sabo kuma suna iya bin juna don a ga abin da ya sauya.

A fara da magana

Kuskuren da aka fi yi shi ne a loda hotuna a manhaja, sannan a fara tunanin abin da za a faɗa. Tsarin da ya fi aiki shi ne a rubuta magana, a naɗe ta, a jera hotuna a kanta, kiɗa ya zo daga ƙarshe idan ma ana buƙatarsa.

A raba takarda gida biyu. A ɓangare ɗaya a rubuta jimlolin da za a karanta, a ɗayan a rubuta hoton ko takardar da ke tabbatar da kowace jimla. Duk jimlar da ta rasa abokin tafiya, ko dai a koma a ɗauko mata hoto, ko a soke ta. A ɗauka ana bibiyar wani asibitin sha-ka-tafi da aka fara ginawa aka yi watsi da shi. Idan mai magana ya ce an sace kuɗin asibitin, babu hoton da zai iya nuna sata, kuma ya buɗe wa kansa ƙofar shari'ar ɓata suna. Idan ya ce kasafin shekara kaza ya ware kuɗin ginin, ga shafin, ga kuma yadda ginin yake a ranar da aka ziyarce shi, kowace kalma tana da shaidarta, mai kallo shi zai yanke hukunci. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan Najeriya damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta kuma ƙayyade wa hukumar da aka tambaya kwana 7 ta ba da amsa. Ita ma wasiƙar neman bayanin, da hatimin karɓa a jikinta, hoto ce mai amfani.

Rubutun na kunne ne, don haka jimloli su zama gajeru, kowace da magana ɗaya. Adadi mai tsawo a faɗe shi a dunƙule, a rubuta cikakkensa a allo. A karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo. Minti biyu zuwa uku sun isa labari ɗaya.

Naɗar murya

Mai kallo yana yafe wa hoton da bai fita sosai ba, amma ba ya jure muryar da yake wahalar ji. Makirufon waya ya wadatar idan an kula da wuri. Ɗaki mai katifa da labule da darduma ya fi falo mai tayil da bango tsirara, domin kayan laushi suna shanye amsa-kuwwa. Cikin mota da aka kashe aka rufe gilasai ma wuri ne mai kyau. A kashe fanka, a nisanci firji, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a kuma katse layin wayar don kada kira ya shigo a tsakiyar naɗi.

A riƙe wayar kamar taƙi guda daga baki, wato santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkatar da ita gefe don kada iskar haruffa irin su "f" da "b" ta buge ta. Idan manhajar naɗi tana nuna ma'auni, a bar ƙololuwar murya tsakanin desibel -12 da -6. Muryar da ta kai sifili ta fashe, kuma babu gyaran da ke maido da ita. Idan da zaɓi, a naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti kamar MP3. A waje, musamman lokacin hunturu, a juya wa iska baya, a rufe makirufon da ɗan soso ko safa.

Duk inda aka yi hira, a naɗi daƙiƙa 30 na sautin wurin ba tare da magana ba: kukan awaki, hayaniyar kasuwa, ɗigar ruwa daga rufin aji. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, kuma shi ke sa mai kallo ya ji kamar yana wurin. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, tana yanke sauti da rage ƙara. Sai dai a yanke tari da maimaici kawai. Haɗa rabin wata jimla da rabin wata har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba ƙirƙirar magana ce.

Zaɓen hotuna da jera su

Hoto yana buƙatar daƙiƙa 4 zuwa 6 a allo. Aikin minti biyu ke nan zai ci hotuna kusan 24, don haka a ɗauko ninkin haka sau uku ko huɗu don a samu na zaɓe. Takarda mai rubutu a ba ta lokacin da mutum zai karanta ta sau biyu, a kuma ja layi ƙarƙashin wurin da ake magana a kai.

A cakuɗa hotuna iri uku: na nesa mai nuna wurin gaba ɗaya da allon sunansa, na tsakiya mai nuna mutane da abin da suke yi, da na kusa mai nuna ƙaramin abu kamar kwaɗon da ya yi tsatsa ko kwalbar magani wofi. Tun kafin a fita a yanke shawarar inda za a saki aikin. YouTube ya fi dacewa da hoto a kwance, 1920 a 1080, yayin da TikTok da Reels na Instagram da status na WhatsApp ke son a tsaye, 1080 a 1920. Hoton kwance da aka tilasta wa tsayuwa yana asarar fiye da rabinsa.

Akwai salon sa hoto ya riƙa matsowa ko zamewa a hankali, wanda ake kira da sunan Ken Burns, ɗan fim ɗin Amurka da ya shahara da shi a shirinsa na 1990 kan yaƙin basasar ƙasar. Yana da amfani idan yana kai ido wani wuri, misali daga faɗin gini zuwa tsagewar bango. Idan kowane hoto yana yawo ba dalili, ido yana gajiya. Haka ma juye-juye da walƙiya tsakanin hotuna. Yanka kai tsaye ko narkewa mai sauƙi sun isa.

Gyaran haske da rage gefen hoto halas ne a aikin jarida. Ƙara wani abu ko goge shi haramun ne. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto, Adnan Hajj, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut, ya kuma janye hotunansa 920 daga taskarsa. Hoton da wani ya turo a bincike shi da Google Lens ko TinEye don a ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Kowane hoto mai ɗauke da zargi a rubuta masa wuri da kwanan wata a allo. Hoton da ƙirƙirarriyar basira ta zana ba shi da gurbi a cikin hujja.

Kiɗa

Tambayar farko ita ce ko ana buƙatarsa. Kiɗan tausayi a ƙarƙashin muryar uwar da ta rasa ɗa yana iya sa mai kallo ya ji ana neman juya masa zuciya, waƙar siyasa kuma tana mayar da bincike tallar jam'iyya nan take. Akwai kuma masu kallo da ba sa sauraren kiɗa sam. Sau da yawa sautin wurin ya fi kowane kiɗa ƙarfi.

Idan za a sa, a zaɓi marar waƙa, domin kalmomi biyu ba sa shiga kunne tare. A sauke shi desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya, a ɗan ɗaga shi a farko da ƙarshe da inda magana ta tsaya. A gwada da lasifikar ƙaramar waya, domin da ita akasarin mutane za su ji.

Sai batun haƙƙin mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da masu haƙƙi har yanzu, duk da yadda suke yawo a wayoyi. YouTube yana da tsarin Content ID mai gano kiɗan wasu da kansa, kuma mai kiɗan yana iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallarsa. Aikin da aka toshe a ranar da ake buƙatarsa ya tashi a banza. Mafita ita ce taskar kiɗan kyauta ta YouTube, ko kiɗan da ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons tare da cika sharaɗinsa, kamar ambaton mai shi, ko a nemi wani makaɗi ya kaɗa sabo da izini a rubuce.

Haɗawa da fitarwa

A waya akwai CapCut da InShot da KineMaster. A kwamfuta akwai Shotcut da Kdenlive da OpenShot, dukansu kyauta, kuma PowerPoint ma yana naɗar murya a kan kowane shafi ya fitar da bidiyo. Ko wacce aka zaɓa, a fara shimfiɗa murya, a jera hotuna su sauya a inda jimla ta ƙare, sannan rubutu, sannan sautin wuri da kiɗa. A sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo saboda masu kallo a cikin jama'a da sauti a kashe, da kuma kurame. A duba cewa salon haruffan yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu suna mayar da su akwati. A fitar a tsarin MP4, babba don YouTube, ƙarami mai nauyin 720 don WhatsApp saboda tsadar data.

Kare mutanen da ke ciki

Kowane hoton waya yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: rana, lokaci, irin wayar, da ainihin wurin idan GPS a kunne yake. Ga mai bincike wannan shaida ce, don haka a adana asalin kowane fayil a wuri biyu ba tare da an taɓa shi ba. WhatsApp yana goge bayanin idan an tura a matsayin hoto, yana barinsa idan an tura a matsayin fayil. Wannan yana nufin asalin hoton da majiya ta ɗauka a ɓoye zai iya tona ta idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

A nemi izinin wanda aka yi hira da shi, a gaya masa inda aikin zai fita, a naɗi amincewarsa. Yara sai da yardar iyaye. Idan za a ɓoye mutum, dusashe fuska kaɗai bai isa ba. Tufafi, zobe, lambar babur da allon shagon da ke bayansa duk suna nuna shi ga mutanen garinsu. Sauya murya da manhaja ma ba abin dogaro ba ne, domin ana iya maido da ita. Ya fi aminci wani ya karanta kalamansa, a rubuta a allo cewa an yi haka.

Kafin a saki aikin, a tuntuɓi wanda ake zargi, a sa amsarsa, ko a faɗi ranar da aka neme shi bai amsa ba. Daga nan a ba wani da bai san labarin ba ya kalla da sauti a kashe, a ba wani ya saurara ba tare da kallon allo ba, kowanne ya faɗi abin da ya fahimta. Idan bayanansu sun saɓa, akwai jimla ko hoton da ke faɗin abin da ɗan'uwansa bai tabbatar ba, kuma gara a gano shi a ɗaki kafin lauyan ɗan kwangila ya gano shi.