2.2 Tarihin Kafuwar Gidajen Bostal

A wannan sashe za a dubi asalin gidajen gyaran halin samari masu laifi waɗanda ake kira Bostal, da dalilin kafa su, da kuma yadda suka ƙare a ƙasar da ta ƙirƙiro su.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, idan saurayin da ya kai shekara 16 ya yi laifi a Ingila, kurkukun manya ake kai shi, inda zai cuɗanya da riƙaƙƙun ɓarayi. Tun da yake zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaron da ya shiga da ƙaramin laifi yakan fito ya ƙware a sata. Ganin haka ne ya sa a shekarar 1895 kwamitin Gladstone, wanda ya binciki halin da gidajen yari suke ciki, ya ba da shawarar a ware matasa daga manya.

Shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Evelyn Ruggles-Brise, shi ne ya aiwatar da shawarar. A 1902 aka fara gwaji a wani kurkuku da ke ƙauyen Bostal kusa da garin Rochester, kuma daga sunan ƙauyen ne tsarin ya samo sunansa. Dokar 1908 ta tabbatar da shi ga 'yan shekara 16 zuwa 21. Ana koya wa samarin karatu da sana'a, ana ɗaga matsayinsu gwargwadon ladabinsu. Wanda ya shiryu akan sallame shi da wuri, amma a ci gaba da sa masa ido, a kuma taimaka masa wajen neman aiki.

Bayan da Alexander Paterson ya shiga hukumar a 1922, sai aka tsara gidajen kamar makarantun kwana, ma'aikata suka ajiye kayan sarki. A 1930 wasu samari suka yi tattaki daga Feltham zuwa Lowdham Grange tare da masu kula da su, inda suka gina gidan Bostal na farko wanda ba shi da katanga.

Sai dai kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura sun sauya. Cunkoso ya yi yawa, horon sana'a ya yi rauni, har ya zamana a shekarun 1970 mafi yawan waɗanda aka sallama sukan sake aikata laifi. Dokar 1982 ta soke tsarin baki ɗaya.

Nijeriya ta gaji wannan tsari daga Turawan mulkin mallaka. An yi dokarsa a 1960, aka buɗe gidan Kakuri da ke Kaduna a 1962, wato shekara 20 kacal kafin Ingila ta yi watsi da nata.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa nasarar Bostal ta dogara ne ga abubuwa uku: raba yaro da manyan masu laifi, da ba shi sana'a, da bin sawunsa bayan sallama. Duk lokacin da waɗannan suka raunana, gidan yakan koma kurkuku, ko da wane suna aka kira shi. Da wannan ma'auni ne za a nazarci gidan Kakuri a babi na uku.