Takardar likita ta ce ajali, ƙasusuwa suka ce harsashi

Ranar 15 ga Oktoba 1987 aka bindige shugaban Burkina Faso, kyaftin Thomas Sankara, tare da mutum 12 a birnin Wagadugu. A daren aka turbuɗe su a maƙabartar Dagnoen. Daga baya wani likitan soja ya sa hannu a takardar shaidar rasuwa, ya rubuta cewa mutuwar Allah da Annabi ce. Blaise Compaoré kuma ya yi shekara 27 yana mulki.

Sai da boren jama'a ya kore shi a Oktoba 2014 aka samu damar tona kaburburan, a watan Mayu 2015. Likitocin binciken gawa da masana harsasai suka duba ƙasusuwa da ragowar tufafi. A Oktoba na shekarar lauyan iyalin ya shaida wa duniya cewa an samu alamun harsashi fiye da goma a ƙirji, hannuwa da ƙafafu. Amma jinkiri ya yi ɓarna: gwajin ADN da aka yi a Faransa, sannan a Sifen, ya kasa tabbatar da ko gawar wace ce, domin ƙasa ta riga ta cinye abin da ake nema. Da sakamakon binciken da bayanin shaidu kotun soja ta yanke wa Compaoré, Hyacinthe Kafando da Gilbert Diendéré ɗaurin rai da rai ranar 6 ga Afrilu 2022, biyun farko a bayan idonsu.

Mu ma mun san irin wannan. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin saman Yamai, sanarwar gwamnati ta kira abin hatsari, kundin tsarin mulkin shekarar kuma ya yi wa masu hannu afuwa.

Likita ɗaya ya rufe gaskiya da alƙalami, wasu likitoci suka tono ta bayan shekara 28. Malaman lakwal, idan kuna koyar da tarihi, ku saba wa ɗalibai su tambayi wa ya rubuta takarda, a ƙarƙashin ikon wa, da wace hujja. Iyaye kuma, yaron da ke son aikin likita a gaya masa tun yanzu cewa sa hannunsa shaida ce, za a iya tambayarsa a kanta ko bayan shekara talatin.